Abin da Baba Alu Ya Faɗa a Taron Kwata

"Gaya mata ruwan nan ba gabas yake bi ba," in ji Baba Alu, yana zungurina da gwiwar hannu. "Gaya mata, Lukumanu."

Muna zaune ne a ajin makarantar unguwarmu ta Arras, a Treichville, an baje taswira kan tebur. A shekarar ce meri, wato hukumar gari, ta haɗa hannu da wani kamfani da kwamitin unguwa don a gina mana kwatar siminti. Ni aka ɗora a kan tafinta, don cikin 'yan kwamiti na fi kowa Faransanci, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya kumbura mini kai. Mai sayar da garba ne ni a bakin titi, abincin rogo da soyayyen kifi, amma ranar har da kwat na aro.

Baba Alu kuwa maƙwabcina ne, ɗakinsa ne na ƙarshe a gangaren layinmu. Tun yana saurayi ya zo daga Maraɗi, shekara talatin yana yashe kwatocin unguwar da cebur, ba wanda ya sa shi. Ya zo taron da rigar aikinsa, tana ɗan wari.

Injiniyar, Madam Akisi, ta dube ni tana murmushi. "Me tsohon ya ce?"

Na dubi rigarsa, na dubi manyan baƙi. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce mata, "Godiya yake yi muku."

Ta russuna masa, shi ma ya gyaɗa kai, ya ɗauka saƙo ya isa. Aka sa hannu, aka tafa.

Wata biyu bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kullum na leƙa da safe, 'yarsa Iklima na ba shi koko, tambayarsa ɗaya ce.

"Sun gyara takardar?"

"Suna kai, Baba."

"To madalla. Da rani suka auna, ɗana. In damina ta yi ƙarfi, ruwan lagun, tafkin nan na bakin teku, shi ke turo na kwata baya. In suka tona ta gabas, duk a ɗakin nan zai sauka. Ni dai na gama, amma Iklima da yaranta fa?"

Iklima ta ce da Hausarta mai gauraye da Faransanci, "Papa, ka bar maganar kanibo ɗin nan, kwata dai kullum, ka sha, sil-tu-fule, don Allah."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na fita. Ga masu tona sun riga sun fara, ta gabas ɗin kuwa.

Sai da na ga ya daina iya zama da kansa na rufe rumfata, na hau jirgin lagun na tafi ofishin Madam Akisi. Ban iya faɗin laifina ba. Cewa kawai na yi akwai tsohon da ya san hanyar ruwa, ta zo ta ji daga bakinsa. Ta buɗa littafinta ta ce sai Alhamis.

Ranar Laraba aka wuni ana ruwa. Alhamis da hantsi Baba Alu ya cika, Iklima na riƙe da kansa. A ɗakin maƙwabta na sama aka yi masa wanka, don nasa ya cika da ruwa.

Muna fitowa da makara sai ga Madam Akisi a bakin layi, ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ruwa har ƙaurinta. Ta matsa gefe muka wuce. Da muka dawo daga maƙabarta tana nan, tana bin sabon ramin da ido, ruwa na gangarowa baya kamar yadda ya ce.

"Ina tsohon?" ta tambaye ni.

"Shi muka kai."

Ta ce, "Ai don irin wannan muka kira taro. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Ya faɗa miki, Madam. Ni ne ban fassara ba."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce za a tsayar da aikin a juya kwatar, in maimaita mata maganarsa kalma-kalma. Na maimaita, tana rubutawa a kan jiƙaƙƙiyar takarda.

Da la'asar na shiga ɗakinsa in taya Iklima kwashe ruwa. Ta miƙo mini roba. An ɗora katifarsa a kan kujeru biyu, silifas ɗinsa kuma na yawo a hankali a bakin ƙofa, ɗaya na bin ɗaya.