Kofur Yana Kan Layi

"Sake kira," in ji Kofur. "Tela, hannunka a waya kamar alkawarinka a ɗinki."

Tela ya yi murmushin dole, ya sake danna lambar gidan rediyon. Layin a cike yake. Wandon mutane ya baro ƙarƙashin allura ya taho, don 'yar Kofur ta leƙo shago ta ce Baba na nemansa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon sojan shekara da shekaru, ta cikinta yake jin tarinsa yana ƙara nauyi.

Abin da ya tayar da Kofur hira ce da aka yi da tsohon kyaftin ɗin 'yan ƙwallon ƙasa. Mutumin ya ce ƙasar nan ba ta san darajar kowa ba, duk wanda ya mutu dominta ya yi asara. Yanzu an buɗe layi, masu sauraro na ta tofa nasu. Hoton kyaftin ɗin na bayan ƙofa, ya ɗaga kofi yana dariya. Kofur da hannunsa ya liƙa shi.

"Kuka na yi ranar da yaron nan ya ɗauko kofi," ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Bai taɓa kwana a ramin yaƙi ba. Abokaina da na rufe da hannuna, asara suka yi?"

'Yar tana durƙushe tana matse tsumma a roba. "Baba, ka kwanta don Allah. Ai bai yi ƙarya ba. Asibitin da suka sallamo ka saboda ba su da iskar numfashi fa?"

"Wannan tsakanina da ƙasata ne. Ni ke da bakin faɗa, kuma kin taɓa jin na faɗa?"

Ta koma kan tsummanta. A ransa Tela ya san yarinyar na da gaskiya, ya kuma san ba zai iya furta hakan a ɗakin nan ba. Ya dubi haƙarƙarin Kofur da ke hawa da sauka ƙarƙashin singileti, ya ci gaba da dannawa.

Can sai kiran ya shiga.

"Da wa muke magana?" muryar mai gabatarwa ta fito daga wayar da rediyon lokaci guda.

Tela ya tallafo kan tsohon, ya kara masa wayar a baki. Kofur ya miƙe wuya kamar an kira fareti.

"Ni soja ne," ya ce. "Ina so in gaya wa..."

Tari ya sarƙe shi. Ya riƙe hannun Tela gam, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita sai iska.

"Malam, rage muryar rediyonka. Muna saurare. To, da alama layin ba kyau, bari mu ɗauki wani."

Wani matashi ya shigo yana gaishe da abokansa.

Da tarin ya lafa, Kofur ya buɗe ido. "Sun ji?"

"Sun ji, Baba," in ji Tela.

"Me suka ce?"

"Sun ce an gode."

Rediyon na dab da kunnensa, kuma Kofur ba kurma ba ne. Ya daɗe yana kallon Tela, sannan ya saki hannunsa ya juya wajen bango. Tela ya sake kiran lambar, ya sake, har shirin ya ƙare aka sa kiɗa. Bai san abin da zai ce ba ko da an ɗauka.

Kafin rana ta yi sanyi Kofur ya cika.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, Tela ya shiga ya taya 'yar fitar da kaya. Suka cicciɓo katifar suka jingine ta a bango ta sha rana. Kwarmin bayan Kofur na nan a tsakiyarta, ɗan ƙarami, kamar na yaro.