Hannun da aka ɗaure wa Baba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba bakinsa ya rufe ruf, sai hannun hagu da ke ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado. Yaya, babban ɗansa, ya ce karkarwa ce kawai, ga ta da hana mutane sakat. Ya samo tsohon ɗankwali ya ɗaure hannun a jikin gadon. Daga nan kowa ya saki baki a ɗakin. A gaban Baba Yaya ya yanke cewa a daina jigilar asibiti, tunda mutum ba ya gane kowa.

Abin ya ci wa Auta rai, amma wa ke jin ta Auta a gidan nan?

Ranar da za a gwada ta karanta labaran Turanci a gidan rediyon da take aiki, ta zauna kusa da Baba da safe tana bita. Ta kwance ɗankwalin ta goge masa hannu, ta ci gaba da karatu. Ta zo kan wata haɗaɗɗiyar kalma, "old-fashioned", ta ja ta har gaɓa huɗu.

Hannun ya bugi ƙarfe sau uku, ya tsaya.

Ta maimaita yadda ta faɗa. Uku dai, na ƙarshen da ƙarfi, irin na mai jin haushi.

Takardar ta suɓuce mata. Shekara da shekaru Baba yana koyar da Turanci, kuma haka yake yi: ya bugi tebur da rula, kowace gaɓa bugu ɗaya, har ɗalibi ya daidaita harshensa. Su ma 'ya'yansa sun sha wannan horon.

Ta sake faɗin kalmar da gaɓa uku, ta haɗiye wutsiyar. Hannun ya kwanta lamo.

"Baba," ta ce, "buga mini sunana."

Ya buga biyu.

Ashe duk abin da ake faɗa a ɗakin nan yana ji. Ta ƙwala wa Yaya kira, ta nuna masa. Yaya ya daskare a bakin ƙofa.

"To… me yake so?" ya tambaya da ƙyar.

Hannun ya buga huɗu, ya huta, ya sake huɗu. Bugun nan ne dai da ya dame su har aka ɗaure shi. Auta ta bi shi da yatsu, gaɓa bayan gaɓa, tana gwada kalmomi, har ta faɗi wadda ta sa hannun ya kwanta lamo.

"Asibiti yake cewa, Yaya."

Yaya ya kalli ɗankwalin a ƙasa, ya kasa ɗago kai.