Ɗigo Ɗaya a Idon Direba

"Buɗe mana, maigida!"

Matar direba ta danne masa goshi, ƙanwarsa ta riƙe ƙafafu. Tana matsa kwalbar maganin ya runtse ido, ɗigon ya gangara kunne.

"Ya shiga?" ya tambaya.

"Ya shiga kunne. Kunnenka kam ya warke sarai."

Ƙanwar ta zube ƙasa tana riƙe ciki don dariya. Ƙato guda mai jan babbar mota, ɗigon ruwa ya gagare shi kwana uku! Matar ma ta dara, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mai motar ya ce in Litinin ta yi idon na nan ja yana ruwa, a miƙa wa wani makulli.

Suka koma asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalbar, ta kusa ƙarewa.

"Wa ya shanye?"

"Biyar-biyar nake ɗiga masa," in ji matar a kunyace, "ko ɗaya zai dace."

"Kuma yana aiki," direba ya ce. "Har a maƙogwaro nake jin ɗacinsa."

"Ashe maƙogwaro kake wa magani, malam! Ido ɗigo ɗaya yake riƙewa, sauran hawaye ke wankewa. Wanda ya tsira kuma, akwai 'yar kafa a lungun ido, ta nan yake sulalewa zuwa hanci. Kwanta. Rufe idon."

"In rufe?"

"Ba shi ka fi iyawa ba?"

Ta sa matar ta ɗiga ɗaya a lungun idon, gefen hanci, yana rufe. Da ya buɗe, ɗigon ya shige shi kaɗai, ba kokawa. Sai ta ce ya sake rufewa, a danne lungun da yatsa minti biyu.

"Kun ga ko gezau ban yi ba," in ji shi, yana kwance.

"Jarumi!" ƙanwar ta ce daga bakin ƙofa.

"Sau huɗu a rana," in ji ma'aikaciyar. "Kada a tsallake ko ɗaya."

Direba ya tashi zaune. "Na tsakar rana fa? Ina kan hanya. Ni ba zan iya da kaina ba."

Matar ta dube shi. Shekara goma sha biyu tana roƙon ya ɗauke ta ta ga inda yake zuwa, kullum sai ya ce wata rana. Ta jefa kwalbar cikin jakarta, ta ja zif.

"Gobe a share min kujerar gaba," ta ce.