Kalar Yajin Gwaggo Kaltume

Uwais ne ya haɗa wa ƙungiyar matan Tsanyawa 'yar manhajar da suke tallan yaji da ƙuli-ƙuli a waya. Ran Laraba za a kwafe aikin kaf a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a kai wa matan Makoda su ma su mora.

Sai dai akwai matsala. Watanni baya gwaggonsa Kaltume ta karanto masa haɗin yajinta ya rubuta mata a kwamfuta, shi kuma garin sauri ya adana takardar cikin aikin. Git kuwa, abin da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi, ba ya mantuwa. Ga shugabar matan Makoda, Hajiya Safiyatu, shekara goma tana farautar sirrin yajin nan.

Da hantsi ya zauna gindin darbejiya, ya sake tsara tarihin tun daga tushe, ya tsame takardar daga kowane mataki.

"An gama, Gwaggo."

Kaltume na ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka yi kala?"

"Kala kuma? Kwamfuta ce fa, ba gona ba."

"Kai dai. Bara babanka ya ce ya cire gyaɗa tas, na bi baya na tono tiya biyu."

Ya yi ɗan tsaki a ciki, ya duba. Ashe Git ya ajiye tsohon tarihin a wani lungu, ko mutum zai yi da-na-sani. Ga wani kwafi da shi kansa ya yi, ya sa masa suna "kafin gyara". Na uku kuwa cikin filas ɗin yake kwance, tun wani kwafin gwaji da ya yi. Ya bi su ɗaya-ɗaya ya goge, ya sa Git ya share ragowar, ya sake nema. Wayam.

Sai ya dafe kai. "Gwaggo, har kwafinki na haɗa na goge. Babu sauran ko ɗaya."

Ta tuntsire da dariya. "Wanda babu kimba a ciki?"

"Ban gane ba."

"Kai da kake zuwa Makoda zance duk Juma'a, ni ce zan ba ka cikakke?"

"To me ya sa kika sa ni wannan gumin?"

"Safiyatu hanci gare ta, ɗan nan. Ta ga rabi, ta shinshino sauran." Ta turo masa faifan gyaɗa da ƙafa. "Matso, tunda hannunka ya saki."