Ƙuri'ar Mista Holroyd

"Lashe min bakin ambulan ɗin nan, Glenys, yawuna ya ƙafe."

Na karɓa na lashe. Mista Holroyd, maƙwabcina na shekara ashirin da biyu, yana kwance a gadon da aka sauko masa da shi falo, kusa da murhun gas. Ƙuri'arsa ce a ciki. Ƙungiyar ajiya da rancen gidaje ta garinmu ke son rikiɗa ta zama banki, kuma in masu ajiya suka yarda, kowa zai samu fam dubu da ɗari biyu ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. A shekarar 1997 ba mu da wata hira a layinmu sai wannan.

Tsohon nan ya daɗe yana ɗaure min kai. Bara waccan ya kwashe ɗan abin da ya tara daga bankin da ke ba shi riba mai tsoka, ya kai ƙungiyar, ya buɗe asusun nan da ba a cire wa haraji, wanda sai an shekara biyar ake taɓawa. Mutum mai shekara tamanin da ɗaya! Na ɗauka kwaɗayin rabon ne ya ja shi, kamar yadda ya ja ni.

"To me ka zaɓa?" na tambaya, don bakina ba ya iya shiru.

"A'a."

"A'a? Kai da kake kashe murhu ka jibga riga uku?"

"Huɗu," in ji shi. Ya yi tari, ya huta. "Shekarar da aka rufe masaƙar da nake aiki, wata goma sha ɗaya ban biya ƙungiyar bashin gidan nan ba. Na je ofishinsu da makulli a hannu. Manajan ya ce, 'Mayar da shi aljihu, Wilf, ai kai ma mai ƙungiyar ne.' Wane banki zai gaya wa mutum haka? Shi ya sa na dawo da kuɗina, don in samu bakin magana."

"Ƙuri'a ɗaya me za ta hana?"

"Ba ruwanki, 'yar nan. Ki dai jefa min ita a akwatin wasiƙu ta isa kafin Juma'a. Na san taki 'e' ce, kina buƙatar kuɗin. Ta bango nake jin rufin kicin ɗinki yana ɗiga a bokiti."

Kunya ta rufe ni. Na sa ambulan a aljihun rigar sanyina, kusa da tawa. A shagon jarida ana ta cewa zaɓen kunnen doki ne. Sau biyar na wuce akwatin wasiƙu a kwana biyu, kuma gaskiya ba mantawa na yi ba.

Ran Laraba da hantsi nas ɗin da ke duba shi ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ya cika a zaune, tabarau a hanci, shayinsa bai gama hucewa ba. Na yi kuka sosai, har na ba kaina mamaki.

Shin ana ƙirga ƙuri'ar mamaci? Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya ban tona wa kaina asiri ba. Ƙarfe sha biyu ake kwasar wasiƙu. Na fita cikin yayyafi da silifas ɗin ɗaki, na tsaya gaban jan akwatin, na tura tasa. Na ji faɗuwarta can ƙasa.

Tawa na daɗe ina riƙe da ita a bakin ramin, ruwa yana jiƙa adireshin, har motar gidan waya ta shawo kwana.