Tukunyar Labo a Bakin Rijiya

A shekarar 1964 ni ne helma na maginan rijiya su shida, muna haƙa a wani ƙauye gabas da Gozaki. Mun kai ƙafa hamsin, ƙasa ta fara danshi, sai aiki ya tsaya cak. Hadari kuwa kullum sai ya haɗu ta gabas. In ruwan farko ya sauka ba mu ɗaure ramin da siminti ba, zai rufta, wahalar wata huɗu ta tafi a banza. Daga ofishinmu na Funtuwa kuma an aiko mini cewa in haka ta faru za a watsa mu, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya tsayar da aikin, Labo ne ya ƙi shiga rami. Labo Bamaguje ne, gajere mai ƙirji, kuma duk cikinmu shi kaɗai ke iya fasa marmara a ƙasa inda numfashi ke wuya. Al'adarsa ce duk rijiyar da zai haƙa, sai ya binne 'yar tukunya a gefenta da gashin jan zakara a ciki, kowace safiya ya zuba mata farau-farau kafin ya sauka. Wata safiya ya zo ya tarar an tone ta. A ranar dutse ya ɓalle ya karya ƙafar ƙanensa Sabo.

Labo ya ce Manu ne ya tone tukunyar. Manu shi ke riƙe igiya, mutum ne mai yawan tasbaha da yawan baki, ya sha cewa tukunyar nan shirme ce. Tun daga ranar mutanena suka rabu biyu, Maguzawa uku, Musulmi uku, ko gaisuwa babu. Wai manyan maza masu gemu, sai ka ga ɗaya ya aike ni in ce wa na kusa da shi ya miƙo shebur.

Ni kuwa ni na tone tukunyar. Mai unguwa ne ya same ni ya ce mutanensa ba za su sha ruwan da aka yi wa tsafi ba. Na riga kowa zuwa, na cire ta, na jefa cikin kargo. Da abu ya lalace sai tsoro ya kama ni, na ja bakina na yi shiru, na bar Manu da kayan da ba nasa ba.

Kwana tara ana haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi a bayan rumbun mai unguwa. Da dabara ta ƙare mini sai na kwashe su duka, ban da Sabo da ke kwance, muka tafi wajen Baba Ummaru a ƙauyensa kusa da Bakori. Shi ya koya wa yawancinmu aikin, yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na ce a raina zai yi musu nasiha irin ta manya, su ji kunyarsa su shirya, ni kuma asirina ya rufu.

Ashe tsohon ba nasiha yake yi ba. Ya zaunar da mu ƙarƙashin ɗorawa a gonarsa, matarsa Hajo ta kawo tuwo a akushi ɗaya. Ya ce kowa zai yi magana, amma shi za a fuskanta, kuma ba mai katse wani. In mutum ya gama, sai Baba ya maimaita abin da ya ji, ya zubar da zagin, ya tambaya ko haka ne.

Labo ya yi ta zuba, har da uwar Manu ya sako. Baba ya ce, "Abin da na ji, kana tsoron ka shiga rami ranka na hannun wanda bai ɗauke ka mutum ba. Haka ne?"

Labo ya ce, "Haka ne, Baba."

Manu ma ya yi nasa. Baba ya ce, "Kai kuma shekara shida kana riƙe mashi igiya ba ta taɓa kuɓuce maka ba, yau an ce kai ka nemi ran ƙanenshi. Shi ke cin ka."

Manu ya sunkuyar da kai. Yini guda muka yi a haka, maganganun da aka binne tun lokacin da muka haƙa rijiyar Malumfashi duk suka fito. Har na fara jin sanyi a raina. Washegari da hantsi sai Labo ya ce shi ya ji duka, amma ba zai sauka ba sai Manu ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ya taɓa tukunyar ba.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san ko mai gaskiya ba ya son wannan rantsuwa. Manu ya ce ko ubansa bai taɓa yi ba, balle a kan tukunya. Sai aka ji rugugi daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen ɗorawa. Manu ya dubi sama, ya dube mu, ya tashi ya ɗauki buta. Yana alwala hawaye na bin gemunsa.

Baba Ummaru ya juyo wajen da nake. Ya ce, "Helma, tun jiya kowa ya yi magana ban da kai. Ba ka da abin cewa?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Manu, aje butar nan. Ni ne."

Na faɗi komai, har inda na jefa ta. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba bai maimaita maganata ba, don ba abin da za a zubar a ciki.

Labo ya tashi ya je ya tsuguna gaban Manu, ya karɓi butar daga hannunsa ya ajiye. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe zan shiga. Manu ya riƙe igiya, kuma shi za ya riƙa ba da umarni. Wancan kuwa kada in ɗaga kai daga ƙasa in ga fuskarshi a bakin rami."

Kwana biyar suka yi suna aiki kamar mahaukata, suka cim ma ruwa, suka ɗaure rijiyar kafin ruwan sama ya sauka. Ni ina can nesa ina kwaɓa siminti, aikin da na bari shekara goma sha biyu da suka wuce. Da aka jawo gugan farko suka sha suna miƙa wa juna, har ya zo hannun Manu. Ya ɗan tsaya ya waiwayo ni, sannan ya juye sauran a ƙasa ya mayar da gugan cikin rijiya.