Ranar Da Marmaro Ya Yi Kore

Ban yi nisa a makaranta ba, domin tagar ajinmu tana kallon tudu, ni kuma abin da ba a saba gani ba shi ke ɗauke mini hankali. Har na tsufa haka nake.

Ƙasar ƙauyenmu dutse ce, ƙarƙashinta duk kogo ne da ramuka. Ruwan sama na sauka yake shigewa, sai can gindin tudu ya ɓullo a marmaro ɗaya, inda muke sha, mata kuma suke wanki. In an yi ruwa mai yawa, marmaron kan tofo wata halitta fara mai laushi kamar fatar jariri. Tsawonta bai wuce taƙi ba, ba ta da ido, ga 'yan hannuwa har da yatsu. Kifin mutum muke ce mata. Nakan kwashe su a hulata in mayar cikin tsagar dutse.

A saman tudun akwai Baƙin Rami. Ka jefa dutse ka kasa kunne, ba za ka ji saukarsa ba. Shi ya sa muka ce ba shi da ƙarshe, kuma tun kakanni duk dabbar da ta mutu a can ake tura ta. Wa zai haƙa kabarin dabba a cikin dutse?

Wata shekara, lokacin ina saurayi, kifayen suka fara fitowa a mace. Na sa ɗaya a kwalba na kai wa Malama Polona, wadda ke koyar da yaran ƙauyen. Ran hutu takan sa takalman roba ta bi masu shiga kogo, abin da ya sa ake ganin kanta da motsi. Ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Jernej," ta ce da ni, "abin da ya kashe wannan, shi muke sha."

A makon ne bijimin san Lovrenc ya mutu. Lovrenc shi ne mai faɗa a ji a ƙauyen, ga ƙaton gashin baki, ga murya. Aka jawo mushen cikin sanyi har bakin rami, sai ga Malama tsaye a gabansa da gwangwani a hannu.

"Baba Lovrenc, ramin nan da marmaro hanyarsu ɗaya."

"Kai jama'a! Ke kika leƙa?"

"Ban leƙa ba. Amma zan nuna maka."

"Malama, koma ki koya wa yara ƙirga. Kakana ya jefa doki a nan, da sirdinsa, ya kuma sha ruwan nan har haƙoransa suka zube don tsufa."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ce a ba ta zuwa Lahadi, tunda sanyi ba zai bari mushen ya yi wari ba. In launin da za ta zuba a ramin bai fito a marmaro ba, da hannunta za ta tura san, ta kuma daina maganar har abada.

"Da waɗannan hannuwan na alli?" in ji Lovrenc. "Na yarda, ko don in sha kallo."

Muka kawo ganga cike da ruwa, ta buɗe gwangwanin ta juye a ciki. Garin ja ne, amma yana taɓa ruwan ganga ya koma kore shar. Har yau ban gama mamakin wannan ba. Muka tuntsurar da gangar cikin rami, muka koma gida.

Washegari babu komai. Na tare a bakin marmaro ina kallon ruwa garau, masu wucewa suna tambayata ko ya nuna. Malama takan zo bayan an tashi daga makaranta, ta duba, ta ce mini sannu, ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta nuna tsoro ba, sai dai na ga ta fara cin farcenta.

Ran Juma'a aka wuni ana ruwa. Ran Asabar da safe Zofka, matar Lovrenc, ta zo wanke farar rigar da yake sawa zuwa coci. Ta tsoma, ta ɗago, ta kurma ihu. Marmaron gaba ɗaya ya koma kamar ɗanyen ganye, yana sheƙi, yana gangarawa kwari.

Zofka ba ta ko matse rigar ba. Ta haura ƙauye tana ɗiga, muna biye, ta maka wa mijinta a ƙirji.

"Ga rigarka, jikan mai doki! Ashe romon mushe nake ba 'ya'yana?"

Lovrenc ya juya rigar, ya shinshina. Ya dubi Malama, wadda ta iso tana haki. Mun zaci zai yi tsawa, amma sai ya shiga rumfa ya fito da diga biyu, ya miƙa mata ɗaya.

"Kin hana ni rami, to ki zo ki ga abin da ake kira dutse."

Ta karɓa. Ta yi sara har tafin hannunta ya fashe, kunya ta sa sauran maza suka ɗauko nasu. Kafin rana ta faɗi an binne san, kuma a bazarar nan muka kewaye Baƙin Rami da katanga.

Sai da shekaru suka shuɗe kafin marmaro ya sake tofo kifin mutum mai rai. Na kai wa Malama shi a hula, ta sa yatsa, ya naɗe mata shi da ɗan hannunsa. Sannan ta ce in yi maza in mayar.